Akwatin Asusun Laraba

Shekarar da anka karya darajar kuɗɗin sefa ce, bayan an gama yankan hatsi. Ran nan Laraba, hantsi ya ɗaga, Sufeto Ɗanjuma na zaune cikin buronshi, wato ofis, a kwamisariyar 'yan sanda ta garin Tawa, ya tuɓe takalmi ɗaya shina leƙen hujin da ke ƙasanshi. Wata huɗu ke nan gwamnati ba ta ba shi ko dala ba. Mobilet ɗinshi, ɗan babur, na jingine a bango babu isansi, ko ɗigon fetur, har kazar mai gadi ta maida ƙarƙashinta wurin ƙwai.

Sai ga hayaniya daga bakin ƙofa. Mata ne wajen talatin, kowace na magana, babu mai saurare. Gaba wata doguwa ce ɗauke da akwatin ƙarfe bisa kai. Tsakiya kuwa wata 'yar guntuwa, mata biyu sun riƙe mata mayafi kamar akuyar da za a kai kasuwa.

Sufeto ya maida takalminshi. Ya daɗe shina ɗaure igiyar.

"Ɗaya ta yi magana," ya ce. "Saura ku koma ƙarƙashin dogon yaro."

Doguwar ta dire akwatin bisa tebur har takardu sunka tashi. "Ni ce Kadidiya, shugabar Asusun Laraba. Ga akwatinmu, ga ɓarauniyarmu. Mun haɗo maka su don kar ka wahala."

"Madalla. Mi anka sata?"

"Buɗa ka gani."

Kwaɗo ukku ne jikin akwatin, duk a buɗe, babu wanda anka fasa. Ya ɗaga murfi. Sulalla ne har rabi. Ya ɗebo, ya duba, ya sake ɗebowa. Sulallan Najeriya ne da kwabbai, irin waɗanda ko a Illela yanzu ba su sayen ƙosai.

Kadidiya ta ba shi labari, tana yi tana dukan tebur. Shekara biyu ke nan wata matar furoje, ma'aikaciyar ƙungiyar agaji, ta zo unguwarsu ta koya musu asusu. Kowace Laraba kowace mace ta zuba dala ashirin, mai son jari ta ara, ta maido da ɗan abu bisa kai. Matar furoje ta daina zuwa tun da motarsu ta lalace, su kuwa ba su daina ba. Da ruwa ya sauka kowa ta maido abin da ta ara, anka kulle akwati, don rabin mata sun tahi gona. Duk Laraba mai ajiya ta fiddo shi bakin zaure, wadda ke gari ta ɗaga ta ji nauyi, ta girgiza ta ji ƙara. Yau anka buɗe don a yi rabo.

"Nawa ne ciki?"

"Jikka ɗari da ashirin da 'yan kai."

"Wa ke da mabuɗi?"

"Ni, da Sharifa matar tela, da Murna malamar lakkol, mai koyar da boko. Kowa nata rataye a wuya. Mai ajiya kuwa ga ta nan, Rakia."

"Ita tana da mabuɗi?"

"Mai ajiya ba ta riƙon mabuɗi. Mabuɗi ba shi barin wuya, kuma ba shi shiga gidan da akwati yake. Wadda ta karya wannan ta rasa rabonta, a kore ta."

"To, da mi ta buɗe?"

"Wannan kuma aikinka ne, mushe Sufeto. Don shi ake biyan ka."

Sufeto ya dube ta, ya maida murfin akwati.

Kwamiser, shugabanshi, ya leƙo daga buronshi, goro a baki. "Akwati ɗakin wa yake kwana?"

"Nata," in ji mata daga ƙarƙashin itace, baki ɗaya.

"To mi ya rage? Ɗanjuma, buga takarda. Jibi Juma'a da hantsi a kai ta gaban alƙali, daga can kaso, gidan yari."

"Ba ta da mabuɗi, ranka shi daɗe."

"Jibi da hantsi. In ka samo min wani kafin nan, sai mu yi musanya."

Takardar buro ta ƙare tun bara, bayan ragowar takardun zaɓe suke rubutu. Sufeto ya zaɓi ɗaya mai tsabta, ya kihe fuskar ɗan takara, ya sa anka zaunar da Rakia gabanshi.

"Sana'arki?"

"Hura nike damawa bakin tasha, ranka shi daɗe."

"Mijinki?"

"Abijan. Shekara ukku."

"Shina aike?"

"Shina aiko gaisuwa."

"Ina akwatin ke kwana?"

"Ƙarƙashin gadona."

"An ce kin aurar da ɗiya tsakiyar damina. Da mi?"

"Da tunkiyata da zannuwan aurena. Je ka tambayi dillaliya."

"Masu mabuɗi sun taɓa shiga gidanki?"

Rakia ta dubi ƙasa. "Doka ta hana."

"Ba doka na tambaye ki ba."

"Ba su shiga ba."

Ya kama babban yatsanta ya danna bisa tawada, ya dangwala a takarda. Farcen rabi ja ne rabi fari, tsohon lalle ya sauka zuwa tsakiya. Ya gani, bai kawo komi a ranshi ba.

Da za a shigar da ita ɗakin tsarewa, ta waiwayo. "Mushe, ko an sake ni bayan kaso, wa zai sake shan hurar ɓarauniya? Ƙwaryar nan ita kaɗai gare ni."

Ya sa mai gadi ya ba ta tabarma.

Ran Alhamis tun da sassafe ya kama hanya da ƙafa, hujin takalmi na shan tsakuwa. Ya iske Kadidiya tsakar gidanta tana matsar man gyaɗa, Sharifa matar tela na zaune gefe tana mulmula ƙuli-ƙuli. Sharifa siririya ce, mai saurin firgita. Tana ganin kakinshi ta saki abin da ke hannunta.

"Mabuɗinki ya taɓa barin wuyanki?" ya tambayi Kadidiya.

"Ko wanka da shi nike yi. Ga tsatsa nan ka gani."

"Yaushe rabonki da gidan Rakia?"

"Tun kafin ruwan fari. Ni ina Bambeye wajen gona tun shuka har girbi. Ko bikin ɗiyarta ban zo ba."

"Ke fa, Sharifa?"

"Wallahi, wallahi, ban—"

"Ba ta je ba," in ji Kadidiya. "In tambaya kake so, ka je wajen Murna 'yar cocinku. Ita ta iya lissafin boko, mu da yatsa muke ƙirga."

"Ita ma za ni."

Ya fiddo tawada daga aljihu. Ya kama yatsan Kadidiya, mai ya sa shi santsi, sai da ya goge. Farcen rabi ja rabi fari. Ya kama na Sharifa. Rabi ja rabi fari.

Kadidiya ta ƙulla mishi ƙuli-ƙuli a takarda. Ya so ya ƙi karɓa. Ya tuna ko koko bai sha ba, ya karɓa.

Daga nan ya bi ta kasuwa wajen Talle mai canji, wani tsoho da ke zaune da tulin naira gabanshi shina korar ƙuda. Sufeto ya zube mishi sulalla cikin tafin hannu.

"Kai, Sufeto, har talauci ya kai ku nan? Waɗannan ko a kyauta ba ni karɓa."

"Wa ke tara irinsu da yawa?"

Talle ya tona da yatsa, ya ware ukku, ya ɗaga ɗaya ta wajen rana. "Ka ga wanga? An huda shi da ƙusa. Ga wani. Ga wani."

"Wa ke huda kuɗɗi?"

"Masu kitso. Tiya-tiya suke saye wurinmu, su huda, su ɗaura wa amaren ƙauye a gashi. Daga nesa sai ka ce azurfa."

"Masu kitso nawa ne a Tawa?"

"Kawunan mata nawa ne a Tawa?"

Murna malamar lakkol tana gida, don malamai na yajin aiki wata na biyu. Mutuniyar kudu ce kamar shi, benci ɗaya matarshi ke zama da ita a coci ran Lahadi. Ya iske ta tana ƙulla zoɓo cikin leda.

"Baban Rut, yau da kaki ka zo mana?"

"Da kaki na zo, Malama. Mabuɗinki ya taɓa barin wuyanki?"

"A'a."

"Kin shiga gidan Rakia cikin damina?"

Ta ƙulla leda ɗaya, ta kwance, ta sake ƙullawa. "Ban shiga ba."

"Gobe da hantsi za a kai ta kaso."

"Na ji."

Ita ba ta dangwale, sa hannu take yi. Ya miƙa mata biro, ya tsaya shina kallon yatsunta bisa takarda. A nan ne abin ya tsaya mishi a rai. Farce huɗu ke nan, kuma duk wuri ɗaya jan ya tsaya.

Da azahar ya koma gida, ƙafafu na zogi. Matarshi Hanatu ta aje mishi tuwo da miyar da ta wuce ta kusa da mai ba ta tsaya ba.

"Maman Rut, lalle kwana nawa yake yi a hannu?"

Hanatu ta aje ludayi. "Hannun wa kake kallo, Baban Rut? Albashi babu, ido kuwa na aiki."

"Aiki ne."

"Haka kuke cewa." Ta zauna. "A fata sati biyu, ukku, ya goge. A farce ba shi gogewa, sai dai farcen ya tura shi gaba a yanke."

"In ya kai rabi fa?"

"Wata biyu ke nan, ko da 'yan kwanaki."

"In mata huɗu nasu ya tsaya wuri ɗaya?"

"To rana ɗaya sunka ƙunsa. Ƙila ma tabarma ɗaya."

"Ana daɗewa?"

"In ana son shi kamu da kyau, tun hantsi har la'asar. Hannu cikin zunguru, ƙafa cikin tsumma. Ko ƙuda ya sauka a hanci sai dai ki roƙi wani ya kore miki."

Sufeto ya bar loma a hannu. "Duk huɗun?"

"Duk wadda anka ƙunsa wa. Mai ƙunsawa kaɗai ke da hannu."

Ya wanke hannu bai gama ba. Hanatu ta rufe sauran, ta ce na dare ne.

Da la'asar ya sa anka tara mishi su huɗu cikin buro, Rakia daga ɗakin tsarewa, sauran daga gidajensu. Ya rufe ƙofa.

"Kowa ta ɗora hannu biyu bisa tebur."

Sunka dubi juna. Sunka ɗora.

Ya ɗauko biro ya kwantar bisa faratan Rakia, daidai inda ja ya ƙare. Ya matsa bisa na Murna. Ya matsa bisa na Sharifa. Da ya zo kan Kadidiya sai ta dunƙule hannu.

"Bambeye akwai mai lalle mai kyau, ashe," ya ce. "Har ta san ranar da za a ƙunsa wa matan Tawa."

Kadidiya ta janye hannu ƙarƙashin tebur.

"Ni ban san dokar asusunku ba. Tawa dokar ce ke kai mutum kaso, kuma gobe za ta kai wannan. Na gaji, ƙafata ta kumbura, ba ni sake zuwa gidan kowa. Wace rana kunka ƙunsa lalle, kuma a ina?"

Murna ce ta fara. "Kwana biyu kafin bikin ɗiyar Rakia. A gidan Rakia."

"Murna!" in ji Kadidiya.

"Ki bari, Yaya. Tun jiya ban yi barci ba."

Sai Sharifa ta fashe da kuka, magana na fita da majina. Ai ba da wata manufa ba ne. Ai ƙawaye ne tun kafin asusu. Kadidiya ta shigo gari don bikin, Rakia ta ce su zo su yi lalle su huɗu, babu wanda zai sani. Da anka buɗe akwati jiya anka ga abin da anka gani, sai Kadidiya ta ja su gefe ta ce duk wadda ta ambaci ran nan ta kashe musu rabo su duka.

"Ke ma kin yi shiru," Sufeto ya ce wa Rakia. "Ga kaso gabanki."

"In na faɗa, na rasa rabo, na rasa asusu, kuma ba a fasa ce min ɓarauniya ba. Kuma ran nan babu abin da ya faru, mushe. Muna tsakar gida ƙarƙashin rumfa, mu duka, babu wadda ta motsa."

"Mabuɗan na wuyanku?"

Sharifa ta kai hannu wuya.

"Mun tuɓe," in ji Murna. "Inna Halima ba ta ƙunsa wa mace da ƙarfe a jiki. Ta ce lalle ba shi kamu. Zobe, awarwaro, komi sai a zuba cikin ƙwarya. Haka take yi tun da na san ta."

"Wace ce Inna Halima?"

"Mai lalle da kitso. Ita ma 'yar asusu ce."

"Ina ta kai ƙwaryar?"

"Ɗaki," in ji Sharifa. "Don kar kaji su watsar."

"Wane ɗaki?"

Sunka dubi Rakia su duka. Gidan Rakia ɗaki ɗaya ne.

Rakia ta miƙe tsaye. "A'a, mushe. Ka maida ni ciki. Inna Halima ce ta yi min wankan aure, ita ta yi wa ɗiyata. Kuma ba ta gani! Yanar ido ta rufe mata su biyun, ko ramin kwaɗo ba ta gani balle ta sa mabuɗi. Ni ke jan ta zuwa asusu duk Laraba."

"Jiya ta zo rabo?"

"Ba ta da lafiya. Bayan biki ta tahi Takanamat wajen ƙanwarta, wata guda. Tun da ta dawo ba ta fita ba, ko ni ba ta bari in shiga."

"Ta taɓa neman rance?"

Murna ta dubi Kadidiya. Kadidiya ta dubi bango.

"Sau biyu," in ji Murna. "Don aikin ido."

"Kuɗɗin asusu na jari ne, ba na magani ba," in ji Kadidiya. "Haka matar furoje ta ce. Ba ni na kafa dokar ba. In anka ba mai ido, gobe mai haƙori ta zo."

Sufeto ya sallami ukku. Rakia ta koma ciki da ƙafarta, ba wanda ya ja ta.

Juma'a da sassafe ya sa kwali cikin takalmi, ya nufi bayan tsohuwar kasuwa. Gidan ƙarami ne, danga ta kwanta gefe ɗaya. Ya yi sallama.

"Shigo, ɗana. Na ga inuwarka tun daga bakin danga."

Tsohuwa ce ƙanƙanuwa, tafin hannunta baƙi ƙirin don shekarun lalle. Tana zaune bisa turmi a kife, tabarau mai kauri a fuska an ɗaure shi da zare ta ƙeya. Idon hagu fari fat. Na dama kuwa tar, ta bayan gilashi har ya yi girman ƙwai. Allura ce hannunta. Shina tsaye ta zura zare, sau ɗaya, ya shige.

"Ina kwana, Inna."

"Lahiya lau. Kai ne na kwamisariya? An ce kana da tsawo. Ashe ramewa ce."

"An ce min ba ki gani."

"Da ne."

"Takanamat anka gyara miki?"

"Takanamat ko ƙwayar ciwon kai babu. Kudu na tahi, asibitin da ake fiɗar ido. Ka zauna, ƙafarka na ciwo, na gani a tahiyarka."

Ya zauna bisa dutse. Ya fiddo sulalla ukku masu huji ya aje gabanta.

Ta ɗauki ɗaya, ta kawo kusa da idon dama. "Wanga hujina ne. Na ɗauka na tsince masu hujin duka. Da yatsa na tsinta, ka san lokacin ban gani."

"Da yatsa kika buɗe kwaɗon?"

"Shekara arba'in ina kitso, ɗana. Kan jariri ma na kitsa cikin duhun ɗaki. Kwaɗo ukku mi ne ne? Na gwada wanga bai shiga ba, na gwada wancan. Suna waje suna hira, hannu cikin zunguru. Har Kadidiya na kira na, Inna zo ki sosa min baya. Na fito na sosa mata na koma."

"Sulallan fa?"

"Cikin kwandon lalle na zo da su, tiya biyu, garin lalle bisa kai. Cikinshi na fita da nasu. Rakia ce ma ta ɗaukar min kwandon har gida. Ta ce, Inna, lallenki yau da nauyi."

Sufeto ya shafa fuska da hannu biyu. "Don mi, Inna?"

"Sau biyu na tashi gaban mata talatin na roƙa. Mai ƙosai an ba ta ta sayi wake. Mai hura an ba ta ta sayi hatsi. Ni na ce idona ne jarina, in ya tahi ba ni da sana'a. Sunka ce ido ba ya cikin doka. Ni kuwa tun ranar farko nike zubi, ban taɓa fashi ba. Mata sun fara kai kansu wani wuri, don na fara yi musu tsaga a karkace. Wata shida in na ƙara, sai bara."

"Kuɗɗin mata talatin ne."

"Na sani. Na san dala ashirin ɗin kowace, da abin da ta hana cikinta kafin ta kawo. Cewa na yi in ido ya buɗe in yi aiki in maida kafin girbi, in sake kiran su lalle, babu wanda ya sani. Ido ya buɗe. Sai ga shi matan ma'aikata da ke biya na babu mai ko na kitso, mazansu ba albashi. Kai ma ka sani."

"Na sani."

"Ido ɗaya kuɗɗin sunka saya, da mota, da maganin ɗigawa da ya ninka. Na biyu likita ya ce in dawo." Ta tashi ta shiga ɗaki, ta fito da ƙullin tsumma ta aje kusa da ƙafarshi. "Ga abin da ya rage. Bai kai sulusi ba. Ban ci ko goro ciki ba."

"Kin ji an kama Rakia?"

Tsohuwa ta daɗe tana gyara zaren tabarau.

"Tun Laraba na ji. Na ce ba za su riƙe ta ba, ba ta da mabuɗi. Jiya na ce yau in je. Na sa mayafi har sau biyu, na kai bakin danga na dawo. Yau ma ga mayafin nan." Ta nuna shi bisa igiya. "Gara da ka zo. Ni kaɗai ba ni iya kai kaina."

Ya fiddo takarda, ya kihe fuskar ɗan takara bisa gwiwa, ya rubuta. Ta miƙo yatsa da kanta.

Ba a sa mata ankwa ba. Ta kulle ɗakinta, ta ba maƙwabciya kaji, ta sa kwalbar maganin ido a lalita. Sunka kama hanya, shi da ɗingishi, ita da ƙananan taku, duk wanda sunka gamu da shi sai ta tsaya ta dube shi da kyau kafin ta gaishe shi.

Matan asusu na ƙarƙashin dogon yaro tun safe, sun zo ganin a fita da Rakia. Da sunka ga wadda Sufeto ya taho da ita, da tabarau a fuskarta, hayaniya ta mutu. Kadidiya ta kau da kai.

Kwamiser ya karanta takarda a tsaye, ya juya ya ga ɗan takara, ya juyo. Ya auna ƙullin tsumma a hannu. "To. Musanya ke nan. Fiddo waccan, sa wannan. Motarmu ba ta samu isansi ba, sai Litinin."

Mai gadi ya buɗe ɗakin tsarewa. Rakia ta fito tana kare ido daga rana, tabarma naɗe a hammata. Sunka yi kiciɓis bakin ƙofa.

Inna Halima ta ɗaga kai ta dube ta, tun daga goshi har ƙafa. Shekara huɗu rabonta da ganin fuskar nan.

"Rakia, ashe kin yi furfura."

Rakia ta sauke hannu daga ido. Ta dubi tabarau, ta dubi Sufeto, shi kuwa ya dubi ƙasa. Ta daɗe a tsaye. Can sai ta zare tabarmar daga hammata ta tura wa tsohuwa a ƙirji, da ƙarfi, har ta ja da baya.

Tsohuwa ta rungume tabarma ta juya za ta shiga. Bakin ƙofar akwai dakali, kuma bakin Rakia ya riga hankalinta.

"Inna, da tudu. Ɗaga ƙafa."

"Na gan shi, ɗiyata," in ji Inna Halima.

Ta ɗaga ƙafa ta shiga, mai gadi ya ja ƙofa.